Kuɗin talabijin da ƙwallon jami'o'in Amurka: wa ya ci riba, wa aka bari a baya?

Ɗan_Zazzau_Ohio

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata goma sha ɗaya ke nan a jihar Ohio, kuma na zo ƙasar nan ban san wata ƙwallo ba sai wadda muke bugawa da ƙafa a filin firamare. Wani maƙwabcina ne ya fara kai ni filin Jami'ar Ohio State wata Asabar, na ga mutum fiye da dubu 100 sanye da jajayen kaya sun taru saboda wasan ɗalibai, tun daga ranar kuwa nake bin wannan ƙwallon tasu mai kama da zari-ruga.

Abin da ya dame ni shi ne wasan da na fara so yana suɓuce mini. A shekarar 2024 jami'o'in USC da UCLA da Oregon da Washington, waɗanda duk suke gaɓar yammacin Amurka, suka shigo gamayyarmu ta Big Ten, wato rukunin jami'o'in da ke gasa a tsakaninsu, ta zama mai jami'o'i 18. Texas da Oklahoma suka koma gamayyar SEC. Gamayyar Pac-12, wadda tushenta ya kai shekarar 1915, ta watse har ya rage mata Oregon State da Washington State kawai. Babu wanda ya ɓoye dalili: Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar fiye da dala biliyan 7 ta shekara bakwai da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC, kowa kuma yana son kasonsa.

Sai dai duk inda na zauna da masu kallo, yaran da ke wasan ake zagi. A ce sun zama 'yan kasuwa, a ce ba su da amana tun da aka ba su damar karɓar kuɗi da sauya makaranta. Ni ra'ayina shi ne biyan yaran daidai ne, kuma ba su ne suka sayar da wasan ba, shugabannin jami'o'i da gidajen talabijin ne. Ina so in ji ra'ayinku, musamman waɗanda suka riga ni sanin harkar.

Bakatsine_77

Wa alaikumus salam. Ni a gida nake, ban taɓa kallon wasan nan daga farko zuwa ƙarshe ba, saboda haka a yi mini bayani. Ta yaya jami'a, wadda aikinta koyarwa da bincike, za ta mallaki filin da ke ɗaukar mutum dubu 100? Ina ƙungiyoyin ƙwararru suke da har ɗalibai ne ke cika fili?

Malam_Tarihi

Malam Bakatsine, tambayarka ita ce mabuɗin zancen gaba ɗaya. A Ingila ƙungiyoyin gari da na ma'aikata ne suka raini ƙwallo, a Amurka kuwa jami'o'i ne. Wasan farko tsakanin jami'o'i an yi shi a watan Nuwamba na 1869 tsakanin Rutgers da Princeton, gasar ƙwararru ta NFL kuwa sai a 1920 aka kafa ta, wato jami'o'i sun riga ta da shekara hamsin. Wasan ya yi muni a farkon ƙarni na ashirin, har a 1905 aka rasa rayuka aƙalla 18, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, kuma daga wannan yunƙurin gyara aka kafa a 1906 hukumar da ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i.

Har yau NFL ba ta da makarantun renon yara irin na ƙungiyoyin Turai. Dokarta ta ce sai yaro ya yi shekara uku da gama sakandare kafin a ɗauke shi, don haka jami'o'i ne ke yi mata reno ba tare da ta biya ko sisi ba. Sannan akwai jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma da ba su da ƙungiyar NFL, jami'ar jiha ita ce abin alfaharin kowa, har wanda bai taɓa shiga ajinta ba. A Nebraska tun 1962 ake sayar da dukkan tikitin kowane wasan gida, kuma ranar wasa mutanen da ke cikin filin sun fi yawan mazauna kowane gari a jihar in ban da Omaha da Lincoln. Filin Michigan kuwa yana ɗaukar mutum 107,601.

Hajiya_Lauya

Ina tare da Ɗan_Zazzau_Ohio, kuma ina so in ƙara da cewa wanda yake neman ranar da aka fara sayar da wasan nan, kada ya dubi 2021 da aka bar yara su karɓi kuɗi, ya dubi 1984. Kafin wannan shekarar NCAA ce kaɗai ke sayar da haƙƙin nuna wasanni a talabijin, tana kuma ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya cewa tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Daga nan kowace gamayya ta shiga neman cinikinta, kuma duk ƙaurar da muke gani yau jikar wannan hukuncin ce. Manya ne suka je kotu don a bar su su yi kasuwanci, aka ba su, suka yi shekara kusan arba'in suna ci, suna kuma gaya wa yaran cewa kuɗi zai ɓata musu tarbiyya.

Ita kanta kalmar da suke kiran yaran da ita, wato ɗalibi mai wasa, tana da tarihi. Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA daga 1951, ya amsa daga baya cewa an yaɗa ta ne don kada kotu ta ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata masu haƙƙin diyya. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon rauni a kai a wata kwaleji a Colorado, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun jihar ta hana ta.

Abin ya fara juyawa ne da ƙarar Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na UCLA, wanda ya ga siffarsa a wasan bidiyo ana sayarwa ba a tambaye shi ba, ya shigar da ƙara a 2009. A watan Yuni na 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara baki ɗaya suka yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston, Mai shari'a Kavanaugh ma ya rubuta cewa irin wannan tsarin haramtacce ne a kusan kowace sana'a a Amurka. Ranar 1 ga Yuli na shekarar aka buɗe wa yara ƙofar cin moriyar sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL a taƙaice.

Baba_Mai_Rediyo

Hajiya, na gode da wannan bayani, amma ku yi haƙuri da ni, ban yarda cewa yaran nan kyauta suke wasa ba. Na yi shekara talatin a ƙasar nan ina tuƙi dare da rana, na sa 'ya'ya uku a jami'a, kuma biyu daga cikinsu har yanzu suna biyan bashin karatu. Yaron da aka ɗauke masa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai na shekara huɗu ko biyar, aka ba shi likita da masu yi masa bita, ya fita ba a bin sa ko dala ɗaya, ba za a ce an cuce shi ba. Dubban iyaye suna addu'ar 'ya'yansu su sami rabin wannan. Ilimi shi ne ladan, kuma ilimi ba ya ƙarewa ranar da gwiwa ta lalace. Tsorona shi ne yaro ɗan shekara goma sha takwas ya ga miliyan a hannunsa ya raina malamin da ke koya masa, wanda albashinsa na shekara bai kai abin da yaron ke samu a wata ba.

Uwar_Biyu

Baba, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar da ka yi, kuma babu mai musun darajar ilimi. Tambayata ita ce ko ilimin da aka yi musu alkawari yana isa hannunsu. Lokacin da nake digiri na uku na yi shekara biyu ina taimaka wa malamai a wata babbar jami'a da ba zan ambaci sunanta ba, kuma 'yan ƙwallo da yawa sun ratsa ajina. Yaro zai tashi kafin asuba ya ɗaga ƙarfe, ya zo aji jikinsa duk ciwo, da rana ya tafi kallon bidiyon abokan hamayya, da yamma atisaye, ranar Juma'a kuma ya hau jirgi. Wani yaro mai kaifin basira ya gaya mini injiniya ya so ya karanta, aka ce masa lokutan ɗakin gwaji sun ci karo da atisaye, aka tura shi wani fanni da bai taɓa sha'awa ba. Ranar da ya faɗa mini haka na koma gida da nauyi a zuciyata, domin na san ba shi kaɗai ba ne.

Kuma abin bai tsaya ga labarina ba. Binciken da aka fitar a 2014 kan Jami'ar North Carolina ya nuna cewa cikin shekara 18 ɗalibai kusan 3,100 sun yi rajistar darussan da ba a shiga aji, kusan rabinsu 'yan wasa ne. Ga shi kuma NFL kimanin mutum 260 kawai take ɗauka a zaɓenta na kowace shekara, alƙaluman NCAA da kanta sun nuna waɗanda ke kai wa can ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran fa? Idan ƙwallon ba ta kai su ba, karatun kuma ba a bar su sun yi shi da gaske ba, me suka fita da shi?

Damagaram_Texas

Baba, da girmamawa, ni abin da ya sa na daina jin nauyin a biya yara shi ne abin da na gani a jihar da nake zaune. A watan Nuwamba na 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, kuma bisa kwantiraginsa sai ta biya shi fiye da dala miliyan 75 don ya tafi gida ya zauna. Kirby Smart, kocin Georgia, a 2024 albashinsa ya kai dala miliyan 13 a shekara. A jihohi da dama wanda ya fi kowa albashi cikin ma'aikatan gwamnati ba gwamna ba ne, ba babban likita ba ne, kocin jami'a ne. Tunda an hana kuɗin zuwa hannun masu wasa, dole ya nemi inda zai zuba, sai ya zuba a albashin koci da gine-ginen ƙawa na jan hankalin yara. Ga kuma Reggie Bush, wanda ya mayar da kambun Heisman na 2005, wato na gwarzon ɗan wasan jami'o'i, saboda shi da iyalinsa sun karɓi alheri daga wasu dillalai, sai a 2024 aka dawo masa da shi, bayan abin da aka hukunta shi a kai ya zama ruwan dare.

Baba_Mai_Rediyo

Maganar koci na karɓa, wannan almubazzaranci ne, ban kuma taɓa kare shi ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A watan Satumba na 2024 jagoran 'yan wasan Jami'ar UNLV da ke Las Vegas, Matthew Sluka, ya ajiye wasa bayan ƙungiyarsa ta ci wasa uku a jere, wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala dubu 100 ba a cika ba. A watan Afrilu na 2025 Nico Iamaleava ya rabu da Tennessee ana tsaka da atisayen bazara, ya koma UCLA. Ina abokan wasansu da suka dogara da su? A da yaro zai zo yana ɗan shekara sha takwas, mu ga girmansa shekara huɗu, mu san sunan mahaifiyarsa da garinsu. Yanzu kowace kaka sai ka sake koyon sunaye.

Ɗan_Zango_Kumasi

Sannunku da muhawara. Ni ta hanyar Ezekiel Ansah na san wasan nan, ɗan Accra da ya je Jami'ar BYU bai san dokokinsa ba, ya zama na biyar a zaɓen NFL na 2013. Baba, kukan da kake yi irinsa aka yi a Turai bayan hukuncin Bosman na 1995, da aka bar ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ya tafi inda yake so. An ce ƙwallo ta mutu, ga ta nan ba ta mutu ba. Bambancin shi ne a Turai akwai kwantiragi a rubuce da ƙungiyar 'yan wasa, kowa ya san abin da ke kansa. Maganar Sluka ma ai alkawarin baka ne ya jawo ta. Sannan a 2021 koci Brian Kelly ya bar Jami'ar Notre Dame zuwa ta LSU alhali yaransa suna da sauran damar shiga gasar cin kofi, ba a kira shi maci amana kamar yadda ake kiran yara ba.

Tambayata ga Ɗan_Zazzau_Ohio ita ce wannan. A watan Afrilu na 2021 manyan ƙungiyoyin Turai goma sha biyu suka sanar da gasar Super League, magoya baya a Ingila suka fito titi, cikin kwana uku shirin ya rushe. Abin da Big Ten da SEC suka yi ai shi ne wancan. Me ya hana magoya bayan Amurka fitowa?

Ɗan_Zazzau_Ohio

Ɗan'uwa na Kumasi, tambayarka ta taɓa ni, domin amsar ba ta yi mini daɗi ba. Ba mu fito ba saboda mu ne muka ci riba. Mai goyon bayan Ohio State ko Michigan ko Alabama bai rasa komai ba, kuɗin jami'arsa ƙaruwa ya yi. Waɗanda aka bari a rana su ne mutanen ƙananan garuruwan Corvallis da Pullman, inda Oregon State da Washington State suke, kuma muryarsu ba ta kai ko'ina ba. Haka mutanen Oklahoma suka rasa wasansu na shekara-shekara da Oklahoma State, wanda aka yi fiye da shekara ɗari ana bugawa, ya tsaya bayan kakar 2023.

Zan faɗi wani abu da ban cika faɗa ba. A ƙarshen Nuwamba na 2024 Michigan ta zo har gidanmu ta ci mu 13 da 10, karo na huɗu a jere. A tsohon tsari wannan rashin nasarar ta gama mana kaka, kuma wannan tsoron shi ne gishirin wasan. Amma an faɗaɗa gasar cin kofi zuwa ƙungiyoyi 12, muka shiga, muka doke Notre Dame 34 da 23 a watan Janairu na 2025 muka ɗauki kofin ƙasa. Na yi murna ƙwarai. Duk da haka na san an rage wa wasan Michigan nauyi, kuma an faɗaɗa gasar ne saboda ƙarin wasanni ƙarin kuɗi ne, ga tashar talabijin ta ESPN ta sa hannu kan dala biliyan 7.8 na shekara shida. Shugaban sashen wasanninmu da bakinsa ya ce 'yan wasan wannan kakar sun sami kimanin dala miliyan 20.

Mai_Lissafi

Ina so in jawo hankalinmu ga wanda zai biya. A watan Yuni na 2025 Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wadda aka sa wa sunan wani ɗan ninƙaya na Arizona State. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma daga 1 ga Yuli kowace jami'a za ta iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Mutane suna jin biliyoyin talabijin sai su ɗauka kowace jami'a tana iyo cikin kuɗi. Ba haka ba ne. Cikin jami'o'i fiye da 130 da ke babban mataki, 'yan kaɗan ne sashen wasanninsu ke ɗaukar nauyin kansa, sauran suna dogara da tallafin jami'a da kuɗin da ake ɗora wa kowane ɗalibi, ko yana kallon wasa ko ba ya kallo. Ni da kaina na biya irin wannan kuɗin shekara huɗu a jami'ar da na yi, ban taɓa taka filin ba, domin ranar Asabar nake aikin da nake ciyar da kaina.

Tennessee ta riga ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin 2025, ta kuma faɗa ƙarara cewa na biyan 'yan wasa ne. Inda nake jin tsoro shi ne ƙananan wasanni, irin su tsere da ninƙaya da kokawa, waɗanda ba sa kawo kuɗi, ribar ƙwallo ce ke riƙe da su a manyan jami'o'i. A 2020 Stanford, duk da arzikinta, ta sanar da soke wasanni 11, sai da aka yi mata ca ta janye a shekarar da ta biyo. Wannan kuma ya shafe mu kai tsaye. Tobi Amusan, 'yar Najeriya mai tseren tsallaken shinge na mita 100, a Jami'ar UTEP ta goge, ta ci gasar NCAA a 2017 kafin ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a 2022. Idan aka rage guraben tsere, 'ya'yan Afirka na cikin waɗanda za su fara ji a jikinsu.

'Yar_Maraɗi

Mai_Lissafi ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ƙanena yana gudun dogon zango a wata jami'a da tallafin karatu, kuma tun da aka fara maganar sulhun nan hankalinsa bai kwanta ba, domin an ƙayyade yawan 'yan wasan kowace ƙungiya. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Ɗalibin da ya shigo da bizar karatu dokar shige da fice ta taƙaita masa aiki, don haka kuɗin talla da abokan wasansa Amurkawa ke karɓa shi yana iya jefa bizarsa cikin haɗari. Oscar Tshiebwe, ɗan Kongo da ya zama gwarzon ƙwallon kwando a Kentucky, sai da ƙungiyarsa ta je Bahamas a 2022 ya sami damar ɗaukar hotunan tallace-tallacensa, saboda a wajen Amurka yake. Wanda ba tauraro ba kuma ba shi da wannan hanyar.

Sannan ku tuna tafiyar. 'Yan ƙwallo sau ɗaya a mako suke wasa, a jirgin haya na musamman. Amma 'yar wasan ƙwallon raga ta UCLA da za ta je Rutgers ko Maryland a tsakiyar mako, tafiyar awa biyar ce a sama da bambancin lokaci na awa uku, ga jarrabawa tana jiran ta. Ba don ita aka yi ƙaurar ba, amma ita ke ɗaukar wahalar.

Hajiya_Lauya

Ƙaramin ƙarin haske ga abin da Mai_Lissafi ya kawo. Dala miliyan 20.5 ɗin nan na dukkan wasannin jami'a ne, ba na ƙwallo kaɗai ba, ko da yake yawancin jami'o'i kusan kashi uku cikin huɗu suke ware wa ƙwallo. Nan kuma wata shari'ar ke jira, domin dokar 1972 da ake kira Title IX ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya. Haka kuma duk cinikin talla da ya kai dala 600 yanzu sai an kai shi a tantance.

Baba, abin da kake so, wato yaro ya zauna ya cika alkawari, ba zai samu ba sai da kwantiragi mai ƙarfi da yarjejeniya tsakanin jami'o'i da ƙungiyar 'yan wasa, kamar yadda NFL take da ita. Hakan kuma yana bukatar a amsa cewa ma'aikata ne, abin da jami'o'in ke gudu tun zamanin Byers. 'Yan wasan Northwestern sun gwada kafa ƙungiya a 2014 ba ta yiwu ba, 'yan kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a 2024, daga baya aka janye.

Likita_Bauchi

An yi ta maganar kuɗi, ni kuma ina so a tuna da abin da ake sayarwa, wato jikin yaran. Wannan wasa ne na karo, mutum mai nauyin kilo 130 ya taho a guje ya haɗu da ɗan'uwansa, sau da dama a kowane wasa da kowane atisaye. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen 'yan wasan da suka rasu, suka sami cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL, da 48 cikin 53 na waɗanda suka tsaya a jami'a. Adalci ne a faɗi cewa iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka ba a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Duk da haka lambar ta isa ta hana mutum barci. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe yanzu tana buga wasa 16 ko 17 a kaka. A ganina kafin a yi gardamar nawa za a ba tauraro, a fara tabbatar wa yaron da ba wanda ya san sunansa kulawar lafiya ta tsawon rai, domin ciwon kai da na gwiwa sukan bayyana ne bayan an manta da shi.

Alaramma_Gusau

Allah ya saka wa Likita. Akwai wata ƙofar kuɗi da ba a ambata ba, ita ce caca. Tun da Kotun Ƙoli ta soke dokar hana cacar wasanni a 2018, jihohi fiye da talatin sun halatta ta, tallanta kuma ya cika talabijin a lokacin wasa. A 2023 aka binciki 'yan wasa da dama a jami'o'in Iowa da Iowa State kan yin caca. Akwai kuma yaran da masu caca ke aika wa zagi da barazana don sun jawo musu asara, har jihar Ohio ta hana caca a kan abin da ɗalibi ɗaya zai yi a wasa. Mu da muka ga yadda cacar ƙwallo ta waya ta cinye matasa a garuruwanmu mun san ƙarshen wannan hanya. Ina roƙon masu kallo da 'ya'yansu su kula da abin da ke wucewa a allon tsakanin wasa da wasa.

Bakatsine_77

Na ƙaru sosai. Saura tambaya ɗaya: ƙananan jami'o'in da ba su cikin manyan gamayyar nan, da me suke rayuwa?

Damagaram_Texas

Da yawansu da kuɗin shan kashi. Babbar jami'a takan gayyaci ƙarama gidanta a farkon kaka, ta biya ta fiye da dala miliyan ɗaya, ita ta sami nasara mai sauƙi da cikakken fili, ƙaramar kuma ta sami abin riƙe sauran wasanninta. Wani lokaci reshe ya juye da mujiya. A 2007 Appalachian State ta je har gidan Michigan ta ci ta 34 da 32, a watan Satumba na 2024 kuma Northern Illinois ta karɓi dala miliyan 1.4 ta doke Notre Dame 16 da 14. Irin wannan ranar ce ta sa nake kallon wasan jami'a fiye da NFL. Amma idan manyan suka ƙara yawan wasannin da suke yi a tsakaninsu don talabijin ta fi son haka, wannan kuɗin zai ragu, kuma yanzu duk yaron da ya haskaka a ƙaramar jami'a, kafin kaka ta zagayo babba ta ɗauke shi.

Baba_Mai_Rediyo

To ai wannan na ƙarshen shi ne abin da nake faɗa tun farko, ɗana. Ƙaramar makaranta ta ɗauko yaro ba wanda ya san shi, ta raine shi shekara biyu, mai kuɗi ya zo ya ɗauke ba tare da ya ba ta komai ba. A Turai ko ba komai ana biyan kuɗin sayen ɗan wasa. Na ji hujjar Hajiya da ta Uwar_Biyu, kuma na sassauta kan maganar biya, amma ban sassauta kan wannan ba.

Ɗan_Zazzau_Ohio

Baba, a wannan gaɓar ina tare da kai, sai dai har yanzu ina ganin wanda ya rubuta dokar za a tuhuma, ba yaron da ya bi ta ba. Maganar Mai_Lissafi kan kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai ban taɓa tunaninta ba, kuma 'yata za ta shiga jami'a baɗi, zan duba takardar kuɗinta in ga nawa ne na wasanni a ciki. 'Yar_Maraɗi, idan an sanar da ƙanenki matsayinsa a ƙungiyar, don Allah ki dawo ki gaya mana. Hajiya, ina da tambaya kan maganar ma'aikata: idan aka amince yaran ma'aikata ne, jami'a za ta iya korar wanda ya ji rauni a tsakiyar kaka ta janye masa tallafin karatu, ko yarjejeniyar za ta hana?